Likita Lare, Wanda Ya Kai Asibiti Fagen Fama

Duk yaron da ya ke zaune a Boɗinga ko Shagari ya san babbar hanyar nan da ta taso daga Jega, ta bi ta Tambuwal, ta nufi Sakkwato. Wani lokaci a kan jiwo jiniya daga nesa, kafin a ankara sai ga farar mota ta wuce a guje, sauran motoci suna ratse mata. Wannan ita ce motar asibiti. A cikinta akwai gado da magunguna, da ma'aikata masu kula da majiyyaci tun a hanya, kafin a isa wurin likita. Wanda ya fara tsara wannan aiki wani likitan soja ne Bafaranshe, sunansa Dominique Larrey, amma a bakin mutanen ƙasarsu Lare a ke cewa. Zamaninsa ɗaya da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sai dai hamada da teku sun raba ƙasashensu.

An haifi Lare ran 8 ga watan Yuli, 1766, a wani ɗan ƙauye cikin duwatsun kudancin Faransa. Ubansa baduku ne, mai ɗinkin takalma. Yana da shekara 13 uban ya rasu, ya bar su ba dukiya. Sai yaron ya ɗauki ɗan ƙunshinsa, ya taka da ƙafa wajen mil 70 zuwa birnin Tulus, inda baffansa ya ke aikin likitan fiɗa. Nan ya zauna yana koyo, yana wanke miki, yana ɗaure karaya, har hannunsa ya faɗa. Daga nan ya tafi Faris, ya sami aikin likita a jirgin ruwan yaƙi, amma jirin teku ya dame shi ƙwarai, tilas ya bar aikin ya komo tudu.

A shekarar 1792 yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da maƙwabtanta, aka tura Lare cikin rundunar da ta nufi kogin Rayin. Can ya ga abin da ya hana shi barci. Dokar soja ta lokacin ta ce likitoci da manyan kekunan kayansu su tsaya wajen mil uku bayan mayaƙa. Wanda harsashi ya kayar, nan zai kwanta har a gama faɗa. Sau da yawa sai ya yi yini da kwana, ko fiye, kafin a zo kansa. Kafin nan jini ya tsiyaye, ƙishirwa da sanyi sun gama da shi. Mutane da yawa ba girman rauninsu ne ya kashe su ba, jira ne.

Jinyar masu rauni ba sabon abu ba ne a duniya. Tun a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Rufaida ta kafa hema a Madina tana jinyar waɗanda aka ji wa rauni, har Sa'adu ɗan Mu'azu ma a hemarta aka kwantar da shi bayan yaƙin Handaƙu. Abin da Lare ya sa wa zuciya shi ne hanzari. Wata rana ya lura da ƙananan igwogi waɗanda dawaki su ke ja a sukwane daga wannan gefe zuwa wancan. Sai ya yi tunani, in ana iya kai kayan kisa da wannan sauri, lalle ana iya kai kayan ceto haka nan.

Ya sa aka ƙera masa kekunan doki marasa nauyi. Aka sa musu sifirin don kada gargada ta ƙara wa majiyyaci ciwo, aka shimfiɗa katifa a ciki, aka yi 'yan tagogi don iska, aka ware wurin magani da bandeji da ruwa. Ƙaramin keke mai ƙafa biyu yana ɗaukar mutum biyu a kwance, babba mai ƙafa huɗu yana ɗaukar huɗu. Saboda saurinsu, sai aka riƙa kiransu kekuna masu tashi. An fara gwada su a 1793, kafin 1797 kuwa, sa'ad da ya bi Napoliyon zuwa Italiya, tsarin ya cika.

Lare ya san keke shi kaɗai ba ya ceton kowa. Don haka ya tara mutum 340, ya kasa su uku, kowane kashi da likitocinsa, da masu jinya, da masu ɗauka, da masu kora dawaki, da kekuna marasa nauyi 12. Ya koya wa kowa aikinsa. Ana cikin ɓarin wuta su kan kutsa, su tsai da jini, su ɗaure rauni nan take, sa'an nan su ɗauke mutum zuwa baya. A 1798, da rundunar ta shiga Masar, ƙafafun kekuna suka riƙa nutsewa cikin rairayi. Bai tsaya kuka ba, sai ya sa aka yi dogayen akwatuna, aka rataya wa raƙumi ɗaya dama ɗaya hagu, kowane da majiyyaci a kwance.

Ya kuma kafa wata ƙa'ida wadda ta fi kekunan wuyar karɓa. A da, babban hafsa a ke fara dubawa, ko da ƙwarzane ne kawai ya samu, farabiti kuwa ya jira. Lare ya hana wannan. A wurinsa wanda rauninsa ya fi tsanani shi ne na fari, ko janar ne ko kurtu, ko nasu ne ko na abokan gaba. Har wa yau da wannan ƙa'ida a ke aiki a ɗakin gaggawa na asibiti.

A shekarar 1812, lokacin da Shehu Usmanu ya ke zaune a Sifawa kusa da Boɗinga yana karantar da almajirai, Lare yana ƙasar Rasha. A yaƙin Borodino ya yanke hannuwa da ƙafafu da suka ragargaje wajen 200 cikin yini da dare guda, gama in an bar su za su ruɓe su kashe mai su. A lokacin kuwa ba a samo maganin sa barci ba tukuna, don haka saurin hannun likita shi ne jinƙansa. Da rundunar ta juyo cikin ƙanƙara da yunwa, aka yi turmutsitsi a kan gadar kogin Berezina, har Lare ya kusa halaka. Sojoji suka gane shi, suka ɗaga shi sama, wannan ya miƙa wa wancan, har suka tsallakar da shi.

Shekara mai biye aka jarraba gaskiyarsa. Bayan yaƙin Bautzen, aka sami samarin soja fiye da 2,000 da rauni a hannu. Waɗansu manya suka gaya wa Napoliyon wai da gangan yaran suka harbi kansu don su gudu daga yaƙi, har aka yi niyyar kashe waɗansunsu don a tsorata saura. Lare bai yarda ba. Shi da 'yan'uwansa likitoci suka duba su ɗaya ɗaya, ya nuna cewa kurata ne waɗanda ba su ƙware da bindiga ba, na sahun baya ne su ke samun na gaba. Ya kai wa sarki wannan bayani, ko da ya ke ya san ba abin da a ke so a ji ke nan ba. Napoliyon ya karɓi maganarsa, aka bar yaran da ransu.

A 1815, shekarar da Shehu ya ƙaura daga Sifawa zuwa Sakkwato, aka ci Napoliyon a yaƙin Watalu. An ce sarkin yaƙin Ingila, Welintan, ya hango Lare yana aiki cikin wuta, ya hana a yi harbi wajensa. Da dare sojan Furusiya, watau wani yanki na Jamus, suka kama shi da rauni a jikinsa, aka yanke a harbe shi. Likitan da ya zo ɗaure masa idanu ya dube shi, sai ya ga ashe malaminsa ne, wanda ya taɓa koya musu a Balin. Aka kai shi gaban sarkin yaƙinsu, Bulusha. Shi kuwa ɗansa ya taɓa faɗawa hannun Faransawa da mummunan rauni, Lare ne ya yi jinyarsa. Nan take ya sake shi, ya ba shi abinci da 'yan rakiya. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Napoliyon ya bar masa faran 100,000 cikin wasiyyarsa, ya kuma shaida bai taɓa sanin mutum mai nagarta kamarsa ba. Lare bai daina aiki ba har tsufa. Yana komowa daga duba asibitocin soja a Aljeriya ciwo ya kama shi, ya rasu a birnin Liyon ran 25 ga watan Yuli, 1842, yana da shekara 76.

Bayansa aikin ya fita daga fagen yaƙi ya shiga gari. A 1864 ƙasashe suka ƙulla alkawari a Janeba cewa ba za a taɓa masu ɗaukar masu rauni ba. A 1869 wani asibiti a Niyok ya fara aika keken doki ya ɗauko majiyyata a titi, daga baya mota ta gaji doki. A Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, ana kiranta ta lamba 122 in haɗari ya auku a hanya. Yaro ma yana da nasa taimako. In ya ji jiniya ya kauce. In ya tarar da haɗari ya kira manya, kada ya shiga cikin masu taruwa su toshe hanya, kada kuma ya fizgi wanda ya karye. Abin da Lare ya gano a kogin Rayin bai sake ba: mai rauni ba ya jira.

Tambayoyi

1. Me ya ke kashe masu rauni da yawa kafin zamanin Lare?
2. Wace dabara ya yi a Masar?
3. Wa a ke fara dubawa bisa ƙa'idarsa?
4. Don me Bulusha ya sake shi?