Malam Muhammadu Alkashinawi, Masanin Taurari

Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi Bafillace ne, mutumin ƙasar Katsina. Ya yi karatu wurin manyan malamai, cikinsu har da Shehu Muhammadu Alwali na Bagarmi, har ya shahara a ilmin hisabi da na taurari. Wajen shekarar 1730 ya tafi aikin Hajji, daga bisani ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya rubuta littafi a kan hatimi, inda ya bayyana yadda ake jera lambobi a gidaje, kowane layi ya ba da jimla ɗaya. Ya kuma wallafa Durrul Manzum, a kan taurari da ɗalasimai. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, wanda ya bar wa amanar littattafansa.

Masanan zamaninsa sun fi mai da hankali ga lissafin tafiyar taurari. Sai a 1755 Kant Bajamushe ya kawo ra'ayin cewa rana da duniyoyinta daga gajimaren iska da ƙura suka dunƙule. Binciken baya ya ƙarfafa wannan ra'ayi, ya kuma ƙiyasta faruwar abin da shekara miliyan 4,600. Allah ya jiƙan Malam.