Tarihin Agatha Christie, Mawallafiyar Labaran Gano Mai Kisan Kai

Da yawa daga cikinmu, malamai da ɗalibai, mun taɓa aron littattafan wannan baiwar Allah daga laburaren makaranta, muka hana idonmu barci don mu ga wane ne ya yi kisan. Amma kaɗan ne suka san tarihinta.

An haifi Agatha ran 15 ga Satumba, 1890, a garin Torquay da ke bakin teku a ƙasar Ingila. Mahaifinta Ba'amurke ne, ya rasu tana da shekara 11. A gida ta yi yawancin karatunta na ƙuruciya, ita ce ma ta koya wa kanta karatu tun tana ƙarama ƙwarai. A jajiberen Kirsimeti na 1914 ta auri wani hafsan soja mai tuƙin jirgin sama, Archibald Christie. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi jinyar sojoji, daga baya ta koma ɗakin haɗa magunguna. A nan ta san guba iri-iri, da yadda kowace take aiki a jikin mutum. Shi ya sa masu kisa a littattafanta sukan fi son guba a kan bindiga.

Littafinta na farko ya fito a 1920, bayan kamfanoni da dama sun ƙi buga shi. A ciki ne ta fito da Hercule Poirot, tsohon ɗan sanda mutumin Beljiyam. Mu dai a ganinmu Miss Marple ta fi shi, ko da yake ba ta kai shi suna ba. Tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, tana zaune a wani ƙauye, aikinta saƙa da kula da lambu. Ba 'yar sanda ba ce. Masu laifi sukan saki baki a gabanta domin sun raina ta. Ita kuwa sai ta kwatanta halin wanda ake tuhuma da na wani mahauci ko wata 'yar aiki da ta sani a ƙauyensu, nan da nan gaskiya ta fito. Agatha ta ɗauko wannan hali daga kakarta da ƙawayen kakar, tsofaffin da ba su cika kyautata wa kowa zato ba, kuma sau da yawa zatonsu yakan tabbata. Cikakken littafi na farko a kan Miss Marple ya fito a 1930, kisan kuwa a gidan fasto aka yi shi. Littattafai 12 ta rubuta a kanta.

Shekarar 1926 ta zo mata da ɗaci. Mahaifiyarta ta rasu, mijinta kuma ya ce zai rabu da ita saboda wata mace. A watan Disamba sai ta ɓace, aka tsinci motarta a yashe a gefen hanya. 'Yan sanda da dubban mutane suka bazama nema. Bayan kwana 11 aka same ta a wani otal a garin Harrogate, ta rubuta sunanta da sunan dangin matar nan. Ko a tarihin rayuwarta da ta rubuta da hannunta ba ta yi bayanin kwanakin nan ba.

Aurensu ya mutu a 1928. A 1930 ta auri Max Mallowan, masanin haƙar kufai, ta riƙa bin sa Iraƙi da Siriya. Ta zauna a kufan Nineba, birnin da Allah ya aiki annabi Yunana, a Nimrud kuma takan goge sassaƙen hauren giwa da man shafawarta na fuska. 'Yar ikilisiyar Angilikan ce. Ta rubuta littattafan gano mai laifi 66, ta rasu ran 12 ga Janairu, 1976, tana da shekara 85, aka binne ta a harabar majami'ar ƙauyen Cholsey.

A 1977 aka kawo wata jaririya daga Ƙatar zuwa wani asibiti a Landan, likitoci suka rasa gane ciwonta. Wata nas da take karanta littafin Agatha mai suna The Pale Horse ta lura alamun sun yi daidai da na gubar taliyam da aka bayyana a ciki. Aka gwada, aka tarar haka ne, aka yi wa yarinyar magani ta warke.