Marigayi Malam Sa'adu Zungur, Uban Samarin Arewa a Fagen Siyasa

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Ikko, wanda ya saba ratsa unguwar Yaba a kan hanyarsa ta zuwa aiki ko kasuwa, ya kamata ya san cewa wani saurayi daga Bauchi ya riga shi taka wannan wuri tun a 1934. Sunansa Ahmadu Mahmudu Sa'adu Zungur, kuma shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba.

An haifi Malam Sa'adu a birnin Bauchi a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, a gidan malamai da limamai. Ya yi karatun allo da na littattafai tun yana ƙarami, har ya yi nisa a Larabci da fiƙihu. Sa'an nan aka sa shi makarantar boko, daga can ya wuce Kwalejin Katsina a 1929. Wannan haɗin ilmi biyu shi ya zama makaminsa. In ya yi gardama da Bature, da Turanci zai kayar da shi. In kuwa da alƙali ko malamin fada ne, sai ya jawo masa aya da hadisi.

Zamansa a Yaba bai yi tsawo ba, amma ya buɗe masa ido. A shekarar da ya zo ne samarin Ikko suka kafa ƙungiyarsu, suna taruwa a fili, suna sukar Gwamna a jarida, ba wanda ya ɗaure su. Ya koma Arewa da wannan a ransa. Ya yi aiki a makarantar horar da duba-gari ta Kano, daga baya aka mai da shi Zariya yana koyarwa a makarantar haɗa magunguna.

A Zariya ne ya fara tara samari masu ilmi, malaman makaranta da akawuna da ɗalibai, yana kafa musu ƙungiyoyin muhawara. A wancan zamani yaro ba ya ɗaga ido gaban babba, balle talaka ya tambayi inda ake kai kuɗin harajinsa. Malam Sa'adu ya riƙa nuna musu cewa tambaya ba rashin kunya ba ce, kuma Musulunci kansa ya ɗora wa shugaba nauyin yi wa jama'a bayani. Cikin waɗanda suka riƙa zuwa wurinsa har da wani ɗalibin Kwalejin Kaduna mai suna Aminu Kano.

Ciwon huhu ya tilasta masa barin aiki, ya koma gida Bauchi. Amma kwanciya ba ta hana shi abin da ya sa gaba ba. A 1943 aka kafa taron tattaunawa na Bauchi da yardar hukuma, inda ake zama da Turawan mulki da manyan En'e da malaman Midil, irin su Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano, wanda a lokacin ya zo koyarwa. Turawa sun zaci za a tsaya kan tsabtar gari da noma. Sai ga samari suna tone-tone a kan tsarin mulkin En'e, har wata rana Malam Aminu ya nemi a faɗa musu abin da ake dubawa wajen yanka wa sarki albashi. Ba a daɗe ba aka rufe taron. Maimakon su watse, sai Malam Sa'adu da abokansa suka kafa tasu ƙungiyar ta neman ci gaban Bauchi, wadda ba ta ƙarƙashin Di'o ko fada. Masana tarihi suna lissafa ta cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a Arewa.

A 1946 jam'iyyar NCNC ta zaga ƙasa tana adawa da tsarin mulkin Gwamna Richards, Malam Sa'adu kuwa ya ba ta goyon baya. A 1948 aka zaɓe shi sakatarenta, ya sake dawowa Ikko, yana aiki kafaɗa da kafaɗa da Dokta Nnamdi Azikiwe. A nan ya ga tazarar da ke tsakanin Kudu da Arewa a wajen makarantu da jaridu da ma'aikata. Ya tabbata cewa in aka sami mulkin kai alhali samarin Arewa suna barci, to, wasu ne za su riƙa yanke musu shawara. Wannan damuwa ita ce cikin shahararriyar waƙarsa, Arewa Jamhuriya ko Mulukiya, inda ya gargaɗi sarakuna da talakawa baki ɗaya. Da yake yawancin jama'a ba su iya karatun boko ba, waƙa ce ta kai saƙonsa inda jarida ba ta isa.

Yana cikin waɗanda suka halarci taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna a 1949. Da ra'ayi ya rabu, aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, sai ya karkata ga ɓangaren talakawa. Ya ƙare rayuwarsa a Bauchi yana fama da ciwo, amma gidansa bai rabu da samari masu neman shawara ba, ana rubuta takardun ƙara, ana koyon yadda ake tsayawa gaban alƙali.

Allah ya yi masa rasuwa a watan Janairu na 1958, shekarunsa ba su kai 45 ba. Bai ga ranar 'yancin kai ba, bai taɓa riƙe minista ba, bai bar dukiya ba. Abin da ya bari shi ne mutane. Almajirinsa Malam Aminu Kano ya riƙe tutar har ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979, kuma jami'ar Jihar Bauchi da ke Gaɗau tana ɗauke da sunansa.

Samarin Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da Anaca suna da abin koyi a nan. Malam Sa'adu ya zauna a Kudu bai bar zaman ya tsaya ga neman abinci kaɗai ba. Ya duba yadda mutane ke haɗa kai su nemi haƙƙinsu, ya koya, ya kai gida. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.