Abdoulaye Mamani: ɗan Sawaban da ya fito da Sarauniya daga duhun tarihi

Duk mai son labarin asiri, na bokaye da tsafi da abubuwan da hankali ya kasa warwarewa, ba sai ya je ƙasashen waje neman littafin da zai fara da shi ba. Wani marubuci da ya yi rayuwarsa ta siyasa a Damagaram ya bar irin wannan littafi, mai suna Sarraounia. Mutane da yawa sun san sunan sarauniyar, amma kaɗan ne suka san Abdoulaye Mamani, wanda ya sa duniya ta san ta.

An haifi Mamani a 1932 a Gudumariya, cikin ƙasar Manga, gabas da Damagaram. Tun yana matashi ya shiga harkar ƙungiyoyin ma'aikata da siyasa, a lokacin da ake fafutukar fita daga mulkin Faransa. Ya bi Djibo Bakary cikin jam'iyyar Sawaba, har aka zaɓe shi wakilin Zinder a shekarun 1950. A ƙuri'ar raba gardama ta Satumba 1958, Sawaba ta nemi jama'a su ce a'a ga tayin Janar de Gaulle, amma ba ta yi nasara ba. A 1959 aka haramta jam'iyyar, 'ya'yanta suka watse, wasu gidan kaso, wasu gudun hijira.

Mamani na cikin waɗanda suka bar ƙasa. Ya zauna a Gana da Mali, sannan Aljeriya, inda ya daɗe. A can gudun hijira ne alƙalaminsa ya nuna, ya fitar da littafin waƙoƙi mai suna Poémérides a 1972. Da sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani a Afrilun 1974, sai ya dawo gida, amma murna ta koma ciki, domin gwamnatin Seyni Kountché ita ma ta tsare shi. Bayan ya fito ne, a 1980, kamfanin L'Harmattan na Paris ya buga Sarraounia.

Tushen labarin abu ne da ya faru da gaske. A 1899 wata rundunar Faransa a ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa za ta Tafkin Chadi, tana ƙona garuruwa tana kashe bayin Allah. A watan Afrilu ta isa Lugu, a ƙasar Arewa kusa da Dogon Dutsi, garin Arna da Sarauniya Mangu ke jagoranta. Mutanen Lugu suka yi turjiya da kibau, sannan suka janye cikin daji. Rundunar ta wuce, ta yi mummunan kisa a Birnin Konni. Wata uku bayan yaƙin Lugu, ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya karɓe ragamar rundunar, a Dankori ta wajen Tasawa. Kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka yi tawaye suka kashe Chanoine da Voulet. Kaburburansu na Maijirgi.

Sauran rundunar ce ta ƙaraso Damagaram. A ƙarshen Yuli aka gwabza a Tirmini, Turawa suka shiga birnin Zinder, kuma a watan Satumba aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Ke nan labarin da Mamani ya ɗauko ba baƙo ba ne ga Damagarawa.

Abin da ya ja hankalinsa shi ne tambayar da ta rage a bakin mutane: me ya haukata hafsoshin nan biyu har suka juya wa ƙasarsu baya? Asirin Sarauniya ne ya kama su, ko kuwa alhakin jinin da suka zubar? A cikin littafin, tsoron tsafinta ya riga bindiga aiki. Sojojin haya da 'yan dako suna jin labarinta tun kafin su gan ta, gabansu na faɗuwa. Mai karatu zai ga yadda boka Dawa ya rene ta, ya koya mata sirrin itatuwa da dabarun yaƙi, da yadda wasu sarakunan maƙwabta suka gwammace su bi Bature da su haɗa kai da mace mai bin addinin gargajiya. Littafin ba shi da kauri, labarin kuma yana tafiya da sauri, shi ya sa ya dace da wanda bai saba da dogon karatu ba. Sai dai ba labarin hira da dariya ba ne, akwai jini a ciki.

Ya kamata mai karatu ya san cewa ƙagaggen labari ne aka gina kan tarihi. Takardun Turawa ba su ce komai mai yawa game da Sarauniya ba, kuma a al'adar Lugu sarauta ce ta addini, mai riƙe da ita ba ta cika fita bainar jama'a ba. Jarumar da ke gaban mayaƙa da makami a hannu, Mamani ne ya siffanta ta haka. Mutumin da ya sha gudun hijira da ɗauri saboda kalmar a'a, ya nemo wa ƙasarsa wadda ta riga kowa faɗinta.

A 1986 Med Hondo, ɗan Mauritaniya, ya mayar da littafin fim, aka ɗauke shi a Burkina Faso, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya. Fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Daga nan sunan ya bazu, har aka raɗa shi ga makarantu da gidan rediyo da talabijin a Nijar.

Mamani ya rasu ranar 3 ga Yuni 1993 a hatsarin mota, a kan hanyarsa daga Zinder zuwa Yamai don karɓar kyautar adabi ta Boubou Hama. Da Faransanci ya rubuta littafinsa, don haka yawancin jikokin mutanen Lugu da na Tirmini sun fi sanin labarin ta bakin wasu. Allah ya jiƙansa da rahama.