Hassan Usman Katsina

Hassan Usman Katsina (1933 – 24 ga Yuli, 1995) sojan Najeriya ne, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo. Ya samu horo a Sandhurst ta Ingila.

Bayan juyin mulkin Janairun 1966, wanda a cikinsa aka kashe Sardauna da Birgediya Maimalari, Janar Ironsi ya naɗa shi gwamnan soja na Jihar Arewa. Kujera ce mai haɗari a lokacin, domin daga cikin bariki barazanar ke fitowa. A watan Yuli sojoji suka kashe Ironsi tare da gwamnan Yamma, Fajuyi, amma Hassan ya ci gaba da riƙe Arewa har Mayun 1967. Ya zama babban hafsan sojan ƙasa a 1968, ana tsakiyar yaƙin Biyafara.