James Parkinson: Likitan unguwa da ya gane cuta daga kallon tafiyar mutane a titi

Fiye da shekara 200 da suka wuce, wani likita a birnin Landan ya hango wani mutum daga nesa yana fama da tafiya. Hadiminsa na tsaye a gabansa ya dafa masa kafaɗu biyu, shi kuma yana ɗan rangaji gaba da baya har ya ji ya daidaita. Da ya ba da umarni sai hadimin ya kauce ya ruga gaba, mutumin ya biyo shi a guje, bayan taku kamar 20 hadimin ya tare shi don kada ya kifa.

Wannan bawan Allah ba ya iya takawa a hankali. Ko dai ya tsaya cak, ko ya yi gudu.

Likitan bai duba shi ba, daga nesa kawai ya kalle shi. Duk da haka ya sa shi cikin mutum shida da ya kafa hujja da su a wani ɗan littafi mai shafi 66 da ya wallafa a 1817. Sunan likitan James Parkinson, kuma da sunansa ake kiran cutar kyarmar nan da ta kama shahararren ɗan dambe Muhammad Ali.

Yawancin mutane kyarmar hannu suka sani game da cutar. Amma abin da ya bambanta Parkinson da waɗanda suka gabace shi, ƙafafu ya lura da su.

Ɗan gado

An haife shi ranar 11 ga Afrilu, 1755, a unguwar Shoreditch da ke gabashin Landan. Mahaifinsa John Parkinson likita ne mai haɗa magunguna da yin tiyata a gida mai lamba 1 a dandalin Hoxton. A nan James ya koyi aiki, a 1784 ya samu shaidar zama likitan tiyata, kuma da mahaifin ya rasu ya gaji wurin. Kusan duk rayuwarsa a wannan unguwa ya yi ta, yana duba talakawa da masu ɗan hali.

Sai dai ba mutum ne mai kame baki ba. Bayan juyin juya halin Faransa na 1789, ya shiga sahun masu neman a bai wa talaka damar jefa ƙuri'a a Ingila. Ya rubuta ƙananan littattafan siyasa kusan 20, wasu da sunan aro na Old Hubert, yana caccakar gwamnati.

Hakan ya kusa janyo masa. A 1794 aka zargi wasu 'yan ƙungiyarsu ta London Corresponding Society da shirya kashe Sarki George na Uku da kibiya mai guba da za a harba daga wata bindigar iska. An kira Parkinson gaban majalisar mashawartan sarki, Firaminista William Pitt na zaune, ya ƙi yin rantsuwa sai da aka ba shi tabbacin ba za a tilasta masa faɗin abin da zai ɗaure shi ba. Daga baya zargin ya watse, aka sallami waɗanda aka kama. Shi kuwa tun daga lokacin ya fara ja da baya daga siyasa.

Abin mamaki, a zamaninsa an fi saninsa da duwatsu. Yana tara ƙasusuwa da ɓawon halittun dā da suka daskare suka zama dutse, ya rubuta littafi mai juzu'i uku a kansu tsakanin 1804 da 1811, kuma yana cikin mutum 13 da suka kafa ƙungiyar masana duwatsu ta Landan a 1807. Mai irin wannan sha'awa dole ya iya zura wa abu ido, ya ware wanda ya yi kama da wani daga wanda yake shi ne. Wannan idon ya fita da shi titi.

Mutum shida

Yana da shekara 62 lokacin da littafin An Essay on the Shaking Palsy ya fito. Cikin mutum shidan, uku ne kawai ya duba a matsayin majinyatansa. Biyu a hanya ya gamu da su ya tsayar da su da tambayoyi, na ƙarshe shi ne wanda ya hango daga nesa.

Ɗaya daga cikin na hanyar tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne mai kimanin shekara 65, wanda ya ɗora laifin ciwonsa kan watannin da ya yi a wani kurkukun Sifaniya yana kwana a ƙasa mai danshi. Ɗayan mai shekara 62 ne da ke zaune a gidan gajiyayyu, ya riga ya yanke ƙauna da warkewa, don haka ya ƙi a gwada masa magani.

Likitocin da suka gabata sun yi rubutu kan kyarmar da ke kama hannu alhali yana hutawa. Wasu, irin su Bafaranshe Sauvages, sun yi rubutu kan tafiyar da ke rikiɗewa ta koma gudu. Amma an ɗauke su ciwo biyu ne daban. Parkinson ya nuna cewa ciwo ɗaya ne da ke tafiya mataki-mataki a tsawon shekaru.

Ga yadda ya bi sawunsa. Yana farawa a ɓoye, da ɗan rauni da rawa a hannu ɗaya, har mai shi ba ya iya tuna ranar da abin ya soma. Bayan wani lokaci ɗaya hannun ya kamu, mutum ya fara ranƙwafawa. Daga nan tafiya ta zama aikin da sai an tattara mata hankali: ƙafa ba ta ɗaguwa yadda aka so, ba ta kuma sauka da saurin da aka nufa. Da ranƙwafawar ta ƙaru sai nauyin jiki ya rinjaya gaba, mutum ya koma taka yatsu da gaban ƙafa, takunsa ya gajarce ya kuma ƙara sauri. Ƙafafun ke bin gangar jikin a guje don kada ta faɗi. A ƙarshe sai an samu wanda zai riƙa tafiya da baya a gabansa yana tokare masa kafaɗu.

Akwai wani mai shekara 72 cikin majinyatan da ya shaida wa Parkinson cewa ganin ɗan dutse a hanya ma tayar masa da hankali yake yi. Matarsa ta ƙara da cewa a ganinta ko allura ce a tsakar ɗaki, tsallake ta zai zame masa aiki. Duk wanda ya taɓa jinyar mai wannan cuta zai gane abin da matar take nufi.

Inda ya kuskure

Parkinson bai taɓa buɗe gawar mai cutar ba, kuma bai ɓoye cewa hasashe yake yi game da tushenta ba. Ya zaci matsalar tana cikin laka ne a daidai wuya, don haka ya ba da shawarar a zubar da jini daga bayan wuya a kuma shafa maganin da ke tayar da ƙuraje a fata. Wannan bai amfani kowa ba. Ya kuma ce cutar ba ta taɓa hankali, alhali yanzu an san takan zo da baƙin ciki mai tsanani, wasu kuma da mantuwa idan ta yi nisa.

Fatansa shi ne masu binciken gawa su ɗauka daga inda ya tsaya. Sun ɗauka, amma bayan ƙarni guda. A 1919 Konstantin Tretiakoff ya nuna cewa wani ɗan baƙin yanki a can cikin ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa. A 1960 Oleh Hornykiewicz ya gano cewa sinadarin dopamine ya yi ƙaranci a ƙwaƙwalwar masu cutar, kuma kafin ƙarshen shekarun 1960 maganin levodopa ya fara tayar da majinyata daga kujera.

Wannan ya bayyana abin da Parkinson ya gani. Ƙafar ba ta mutu ba, ƙarfinta na nan. Sashen ƙwaƙwalwar da ke tsara motsin da muke yi ba tare da tunani ba, kamar tsawon taku da lilon hannu, shi ne ya raunana. Shi ya sa mai cutar kan maƙale a bakin ƙofa ko wajen juyawa kamar an liƙe ƙafarsa a ƙasa, amma idan aka ja masa layi a ƙasa ya tsallake, ko aka riƙa ƙirga masa taku, sai ya motsa. Har yau kuma matsalar daidaituwa da faɗuwa na cikin alamun da magani bai cika shawo kansu ba.

Sunan da bai ji ba

Parkinson ya rasu ranar 21 ga Disamba, 1824, bayan shanyewar ɓarin jiki, yana da shekara 69. An binne shi a harabar cocin St Leonard da ke Shoreditch, ba a kuma san takamaiman kabarinsa ba yanzu.

Littafin nasa bai yi wani tashe ba sai bayan kusan shekara 50, lokacin da Jean-Martin Charcot, babban likitan jijiyoyi na asibitin Salpêtrière a Paris, ya samo shi ya riƙa koyar da ɗalibai da shi. Charcot ya ƙara bayanin sanƙarewar gaɓoɓi da jinkirin motsi, ya lura cewa ba kowane majinyaci ke kyarma ba kuma ba shanyewa ba ce ta gaske, don haka ya ga tsohon sunan bai dace ba. Shi ya raɗa mata cutar Parkinson.

Tun 1997 ake tunawa da masu cutar a duniya kowace ranar 11 ga Afrilu, ranar haihuwarsa. A irin wannan rana akan ga hoton wani mai gemu yana yawo a intanet da sunan James Parkinson. Ba shi ba ne. Ya rasu kafin a fara ɗaukar mutane hoto da kyamara, kuma babu ko zanen fuskarsa da aka samu.