Alois Alzheimer: Likitan Da Ya Gano Cutar Mantuwa

A zamanin da Alois Alzheimer ya fara aiki, akasarin likitoci na kallon gigin tsufa tamkar abin da shekaru ke kawowa. Binciken wannan likita ɗan ƙasar Jamus na daga cikin waɗanda suka nuna cewa cuta ce da ke barin tabo a ƙwaƙwalwa.

An haifi Alzheimer ranar 14 ga watan Yuni na shekarar 1864 a garin Marktbreit da ke jihar Bavariya. Ya yi karatun likita a jami'o'in Berlin da Tübingen da Würzburg, kana a shekarar 1888 ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt. A can shi da shugaban asibitin, Emil Sioli, suka rage ɗaure majinyata, yayin da abokin aikinsa Franz Nissl ya koya masa dabarun rina naman ƙwaƙwalwa domin duba shi da madubin likita.

A watan Nuwamba na 1901, shekarar da matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya uku, aka kawo wata mata mai suna Auguste Deter, 'yar shekara 51. Ta fara ne da zargin mijinta, daga nan sai mantuwa. Takan ɓata a cikin gidanta, ta ɓoye kaya, ta yi ta kururuwa. Idan aka ce ta rubuta sunanta, sai ta manta kafin ta kai ƙarshe. Abin da ya ɗaure wa Alzheimer kai shi ne ƙarancin shekarunta, don haka ya riƙa rubuta tambayoyinsa da amsoshinta dalla-dalla.

A shekarar 1903 ya koma birnin Munich ƙarƙashin Emil Kraepelin, amma bai daina bin labarin matar ba. Da ta rasu ranar 8 ga Afrilun 1906, sai aka aika masa da ƙwaƙwalwarta. Ya tarar ta motse, ƙwayoyinta da dama sun mutu. Ya kuma ga abubuwa biyu: wasu dunƙule-dunƙule da suka taru tsakanin ƙwayoyin, da wasu zarurruka da suka cukurkuɗe a cikinsu. Har yau waɗannan alamomi biyu su ne ginshiƙin tantance cutar.

A watan Nuwamba na 1906 ya gabatar da sakamakon a taron likitocin ƙwaƙwalwa a Tübingen, to amma babu wanda ya yi masa ko da tambaya ɗaya. Kraepelin ne ya laƙaba wa cutar sunan Alzheimer a littafinsa na 1910.

A 1912 aka naɗa shi farfesa a Breslau, wato Wroclaw ta ƙasar Poland a yanzu. Rashin lafiya ta kama shi tun a hanya, kuma bai sake murmurewa sosai ba. Ya rasu ranar 19 ga Disamban 1915 yana da shekara 51, aka binne shi a Frankfurt kusa da matarsa.

An shafe shekaru kusan sittin ana ɗaukar cutar a matsayin wadda ba kasafai ake samunta ba, sai a 1976 likitan Amurka Robert Katzman ya ja hankali cewa ita ce ke haddasa mafi yawan gigin tsufa. A 1995 aka gano takardun jinyar Auguste a Frankfurt.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 57 ke fama da cututtukan mantuwa a 2021, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer ce. Har yanzu babu maganin da ke warkar da ita, ko da yake a 2023 Amurka ta amince da lecanemab, wanda ke ɗan rage saurin cutar a farkonta. Ranar 21 ga watan Satumba na kowace shekara ita ce ranar cutar Alzheimer ta duniya.